Buzuzu Mai Ƙaho da Dabinon Dutse



Tun kafin Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991 aka san ta da dabino, kuma a nan ne Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya, watau NIFOR, ta kafa reshenta na binciken dabino. To, amma wannan itace yana da abokin gaba, shi ne wani baƙin buzuzu mai ƙaho ɗaya, wanda masana ke kira Oryctes monoceros.

Da dare wannan ƙwaro yake tashi. Yakan sauka a ƙoƙuwar dabino, ya huda ta, ya shiga yana shan ruwan ɗanyen toho. Alamarsa ita ce a ga sabuwar zarba ta fito a yayyanke, kamar an sa mata almakashi. Haɗarin kuwa shi ne, dabino wuri ɗaya tak yake tohowa. Idan wurin nan ya ruɓe, itacen da aka yi shekara 4 ko 5 ana jiran nononsa ya tafi ke nan. Feshin guba bai cika kai wa ga ƙwaron ba, domin yana can cikin rami.

Amma Bahaushe ya san mafarinsa, ko da bai lura ba. Gwazarma, farar tsutsar nan mai kauri da ake tonowa a juji, ita ce ke rikiɗa ta zama buzuzu. Uwar takan zuba ƙwai a tarin taki da ruɓaɓɓen kututture, tsutsar ta yi watanni tana ci a ciki. Ashe ke nan, mai lambun da ya jibge taki a gindin dabino, ɓarawo ya gina wa ɗaki.

Saboda haka maganin yana ƙasa, ba a sama ba. Na farko, a riƙa juya taki ana baza shi, rana ta buge shi, kaji da zabi su tsince gwazarmar. Na biyu, a faskara matattun kututtura, a yi makamashi da su. Na uku, a duba ƙoƙuwar ƙananan itatuwa, inda aka ga rami a zaƙulo ƙwaron da lanƙwasasshiyar waya, sa'an nan a toshe. Na huɗu, a cakuɗa yashi da garin 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira maina, a zuba a tsakanin zarba.

A wasu ƙasashen ma ba da guba aka ci galaba ba. Alal misali, a 1963 Alois Huger, masani Bajamushe, ya gano wata cuta mai kashe ɗan'uwan wannan ƙwaro a Malesiya. Da aka sake ta a Samowa a 1967, ɓarnar da yake yi wa kwakwa ta ragu ƙwarai.

Sai dai buzuzu bai san iyakar gona ba. Jujin mutum ɗaya ya isa ya addabi lambunan unguwa duka. Lalle ne malaman gona da masu unguwanni su mai da wannan aikin gayya, domin rigakafi ya fi magani.