Kofin Koko da Gwajin Sukari ga Mai Juna Biyu

 

Idan ciki ya kai mako 24 zuwa 28, mabiyiya tana fitar da sinadarai masu dakushe aikin insulin, sai sukari ya taru a jinin wasu matan da ba su taɓa ciwon sukari ba. Galibi mace ba ta jin komai. Jariri ne ke shan wahalar: ya yi girma har ya haura kilo 4, naƙuda ta yi tsanani, wani lokaci a kai ga tiyata. Shi ya sa ake gwaji a wannan tsakanin.

A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2013, mace za ta kwana aƙalla awa 8 ba ta ci komai ba, a ɗebi jini, ta sha ruwan gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Idan awon farko ya kai 5.1, ko na biyu 10.0, ko na uku 8.5, ko da ɗaya ne kawai, an tabbatar da ciwon.

Ku lura da 5.1 ɗin nan. Kofin koko guda ya isa ya tsallakar da lafiyayyar mace wannan iyaka. Sau da yawa za a tambaye ta, ta ce, "Ban ci komai ba, kunun gyaɗa kawai na sha." To, kunu abinci ne, haka shayi mai sukari. Ruwa zalla ne kaɗai aka yarda da shi, kuma babu sahur a wannan azumin.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren. Wata saboda tsoron sakamako sai ta ƙaurace wa tuwo da shinkafa kwana da kwanaki. Jikin da aka hana abinci mai sitaci, aka ɗura masa gulukos gaba ɗaya, yana iya nuna sukari mai yawa alhali lafiyarta ƙalau. Ki ci abincinki yadda kika saba na kwana uku kafin gwajin. Bayan kin sha gulukos kuma ki zauna. Zagayawa kasuwa tana saukar da sukari, ta ɓoye ciwon da ake nema.

Akwai wani gwajin na giram 50, wanda aka fi yi a Amurka, shi ba ya buƙatar kwana da yunwa. Don haka ko a asibitin unguwa kike awo, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo, ki tambayi malamar asibiti wanne za a yi miki.

Magidanta, ku raka matanku da sassafe, ku riƙo musu abin karyawa na bayan gwaji. Ke kuma 'yar'uwa, in kin manta kin kurɓi wani abu, ki faɗa, a sake miki rana.