Ciyawar Teku: Amfanin Gona da Maganin Daudar Ruwa



Abin da za mu tattauna a kansa yau zai yi wa waɗansunmu kamar tatsuniya, domin mafi yawanmu mun tashi nesa da bakin teku. Amma duk wanda ya ga manomi yana kwasar kashin dabbobi daga turke zuwa gona ya riga ya san tushen maganar.

Bari mu fara da matsalar. Idan aka zuba wa kifi abinci a keji ko a tafki, abin da yake komawa tsoka daga sinadarin naitirojin da ke cikin abincin bai kai rabi ba. Sauran yakan bi ruwa ta hanyar kashi da amoniyar da kifin yake fitarwa. Wannan dauda ita ce ke haifar da yaɗuwar gansakuka, wadda in ta ruɓe sai ta shanye iskar oksijin, kifaye su shaƙe su mutu.

To, masu iya magana sun ce abincin wani gubar wani. A nan maganar ta juya, gubar kifi ta zama abincin ciyawar teku. Wannan tsiro ba shi da saiwa, da dukkan jikinsa yake tsotse naitirojin da fosfaras daga ruwa. Ba ya bukatar fili, ko ban ruwa, ko takin zamani. Manomi kan ɗaura irin a jikin igiya ya shimfiɗa a teku, ya jira girbi.

A mashigin tekun Sanggou da ke lardin Shandong na ƙasar Sin, tun daga shekarun 1980 ake haɗa noman wannan ciyawa da kiwon kawa, daga baya har da kifi. A mashigin Fundy na Kanada kuma, masanin nan Thierry Chopin da abokan aikinsa sun gwada dasa ta kusa da kejin kifin salmon daga shekarar 2001, ta kuwa fi girma a wurin bisa ga wadda aka dasa nesa.

Kada mu ɗauka ƙaramar sana'a ce. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an noma kimanin tan miliyan 35, mafi yawa a Sin da Indunisiya. Ana cin ta, ana kuma tatsar sinadarin karajinan da ke sa kauri a man goge baki da askirim. A Zanzibar an fara nomanta don sayarwa a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin, kuma mata ne suka fi riƙe sana'ar.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta. Kafin ciyawa ta shanye daudar babbar gonar kifi, sai ta mamaye wuri mai faɗin gaske. Tana kuma tsotse gubar ƙarafa in ruwan ya gurɓace, don haka tilas a auna ta kafin a ci. A Zanzibar ɗin ma, ɗumamar ruwa ta yi ta kashe irin da ya fi tsada, ga kuma ƙarancin farashi da ke danne matan.

Ina darasinmu a ciki? Wannan ciyawa ba ta rayuwa a ruwan daɗi, amma hikimar tana rayuwa ko'ina. Ruwan tafkin tarwaɗa da ake kwararar da shi cikin kwata, taki ne da lambun alayyafo da tumatir yake nema. Ya rage gare mu, mu ɗaliban kimiyya da aikin gona, mu auna shi, mu gwada, mu kai wa manomi sakamakon cikin harshensa.

Allah ya sa mu dace.