Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Jawabi Ga Direbobi Da Jama'ar Zango

Sarakunan Zango, malamai, iyayenmu mata, shugabannin tasha, matasan New Town da Nima da Mamobi, da 'yan uwanmu na Aflao, Paga, Bawku da Elubo, ina gaishe ku baki ɗaya.

Kaɗan ne gidajen Zango da ba su cin abinci daga mota. Wani direban tirela ne mai ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Wagadugu ko Yamai, wani yaron mota ne, wata albasarta ce ke tahowa daga Galmi zuwa kasuwar Adjen Kotoku. Saboda haka maganar hanya maganar cikin gidanku ce.

A 'yan shekarun nan, kowace shekara hanyoyin Gana suna cin rayuka fiye da 2,000. Ba ku manta da 17 ga Fabrairu 2016 ba, ranar da bas ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu. A 22 ga Maris 2019, bas biyu suka sake haɗuwa da tsakar dare a wannan yanki, aka yi asarar da ta kai haka. Allah Ya jiƙansu.

Direba, da kai zan fara. Idan kana gudun kilomita 80 a awa, motarka tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya daƙiƙa 3 kacal don duba saƙon WhatsApp, ka wuce mita 66 ba ka ga hanya ba, ga lodi a bayanka da ba ya tsayawa da taka burki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka wanda bai taɓa ta ba kusan sau 4 wajen haɗarin yin karo. Taura biyu ba ta taunuwa. Miƙa wayar ga yaronka, ko ka faka a wuri mai kyau ka amsa. Mai kaya zai iya jira.

Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta hana riƙe waya ana tuƙi. Ta kuma ce direban haya kada ya wuce awa 4 a jere bai huta ba, kada ya wuce awa 8 a yini da dare. Goro da kofi ba sa biyan bashin barci. Ku masu motoci, in kun ƙayyade wa direba lokacin da ba zai iso ba sai da gudu da gyangyaɗi, kuna da kaso a alhakin abin da ya biyo baya.

Sai 'yan sanda. Cikinsu akwai 'ya'yanmu, suna tsayuwa a rana da ruwa, wasu ma mota ta taka su a bakin aiki. Amma jami'in da ke tuƙa motar sintiri da waya a kunne, da wane baki zai tsayar da direban trotro? Shingen da aka kafa don duba taya da burki da fitila, in ya koma wurin miƙa 'yan sidi, motar da ta lalace za ta wuce ta je ta kashe wani a gaba. Mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai bayarwa yana cikin laifin.

Hukuma tana nan. Tun 2019 aka mayar da hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa mai ikon tilastawa, ga DVLA, ga sashen MTTD na 'yan sanda. Abin da ya rage shi ne aiki. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: ina wuraren hutun manyan motoci tsakanin Tema da Paga? Yaushe za a riƙa janye motar da ta mutu a kan titi kafin dare ya yi? Wa zai hukunta jami'in da ya karya dokar da aka ba shi tsaro?

Fasinja, kai ma ka yi magana in ka ga direba yana latsa waya. In haɗari ya auku, kira 112. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah Ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.