Ina Za Mu Zauna Bayan Ritaya? Jawabi A Kan Neman Wuri Mai Araha A Bakin Teku

Mun gode da zarafin da kuka ba kwamitinmu domin mu kawo abin da muka tattara a kan tambayar da ta yi ta fitowa a zamanmu na baya: wanda ya gama aiki a nan Kudu, bai kuwa yi niyyar komawa Arewa ba, ina zai zauna a gaɓar tekun nan inda ɗan fanshonsa zai riƙe shi?

Yawancinmu aiki ne ya kawo mu Legas. Wasu soja, wasu ɗan sanda, wasu kwastan, wasu tashar jirgin ruwa, wasu gadi. Mun zo daga Filato, kudancin Kaduna, Gombe, Adamawa, Taraba, Borno da ƙasar Zuru, da nufin mu yi 'yan shekaru mu koma. Ga shi shekara 35 ta cika, ko shekarun haihuwa sun kai 60, an ce mu ba da makullin gidan bariki. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, Yarabancinsu ya fi yaren gida ƙarfi. Gonar gado an raba ta tun muna nan. Wasu garuruwanmu, kun sani, babu kwanciyar rai. Akwai kuma masu ciwon ƙirji waɗanda ƙurar hunturu ba ta yi musu daɗi. Don haka ba mu zo mu ce wa kowa ya koma ko kada ya koma ba. Maganarmu da wanda ya riga ya yanke shawarar zama ce.

Kuɗin sallama sau ɗaya yake zuwa. Ko kana ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo da aka kafa a 2004, ko kana cikin sojoji waɗanda aka fitar daga tsarin a 2011, abin da za a damƙa maka a dunƙule ba za a sake ba ka irinsa ba. Dillalan fili sun san haka sarai, sun kuma san watan da kuɗin yake fita. Za su zo da hoton rairayi da itatuwan kwakwa, su ce fulotin nan rabin kuɗin na cikin gari ne, gobe kuma zai tashi. Gaskiya ne rabin kuɗi ne. Abin tambaya shi ne dalilin arahar.

Wani ɗan'uwanmu ya yarda mu ba da labarinsa ba tare da suna ba. A watan Janairu ya je ya ga fili a wani ƙauye kusa da ruwa, ƙasa a bushe, ciyawa ta ƙone, ya biya nan take. Da ya koma a watan Yuni da mota cike da bulo, sai ya tarar ruwa ya kai gwiwa, yara suna kama kifi a inda ya yi niyyar sa ɗakin kwana. Yashin da ya saya domin cike wurin ya fi kuɗin fulotin, kafin ma a sa harsashi. Har yau yana gidan haya. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, mu kuma mun gani da idonmu.

Bari mu ɗan daɗe a kan maganar tekun kansa, gama mu mutanen tudu ne, ba mu san halinsa ba. A gaɓarmu igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina katangun duwatsu a bakin mashigar tashar Legas domin kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Yashin ya taru a gefen yamma, gefen gabas ya rasa mai cike masa, sai teku ya soma cin Bar Beach shekara bayan shekara. Tsofaffinmu suna tune da lokacin da ruwa yake hawa kan titin Ahmadu Bello. Yanzu an yi wa wurin katanga an gina Eko Atlantic, amma ƙauyukan da ke gaba ta gabas, irin su Okun Alfa, sun rasa gidaje da hanya. A jihar Ondo akwai Ayetoro, garin da wasu masu bi suka kafa a 1947 suka zauna da tarayyar dukiya har ya yi suna a ƙasar nan. Yau teku ya cinye babban ɓangare na garin, da gidaje da makarantu. Mutanen da aka haifa a kan ruwa ke nan, balle mu.

Inda teku ya bar ka, gwamnati tana iya zuwa. A watan Yulin 1990 aka rushe Maroko, mutane dubbai ɗaruruwa suka wayi gari ba wurin kwana. An tashi Otodo Gbame a 2017, aka kori mazauna Tarkwa Bay a Janairun 2020. A 2024 aka soma babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, aka rushe gine-ginen da suka faɗa kan layinta. Bisa ga dokar ƙasa ta 1978, filin jiha yana hannun gwamna, kuma da yawa daga filayen bakin ruwa gwamnati ta riga ta karɓe su. Rasidin da dangin masu ƙasa, wato omo onile, suka rubuta maka ba zai tsaya maka a gaban katafila ba. Ka ɗauki safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya kai awon ofishin babban safiyo na jiha a duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta saki ta buga a gazet. Ka biya lauya ya bincika ko akwai C of O da amincewar gwamna.

To, wuraren fa? Shawararmu ita ce a zauna kusa da teku, kada a zauna a kansa. Shi ya sa Badagiri ta fi jan hankalinmu. Garin yana bakin wani rafi mai faɗi, akwai kuma tsibirin yashi tsakaninsa da babban teku, don haka iska tana zuwa amma igiyar ruwa ba ta buga ƙofa. Haya ta fi ta Ojo da Festac sauƙi, ga kifi da kwakwa, ga babban asibitin gwamnati, ga bariki a Ibereko inda ba za ka rasa mai jin Hausa ba. A nan ne Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a 1842, gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845 kuma yana nan tsaye. Laifinta ɗaya, hanya. Tun 2009 aka soma faɗaɗa titin Legas zuwa Badagiri, jirgin ƙasan da aka buɗe a 2023 daga Marina zuwa Mile 2 kuma bai tsara isa can ba. Idan ciwonka na ganin likitan LUTH ne ko asibitin soja na Yaba kowane wata, ka lissafta kuɗin mota da yini guda cur. Cikin Badagirin ma akwai tudu akwai fadama, kada sunan gari ya ruɗe ka.

Epe tana kan tudu a bakin tafkin Legas, kasuwar kifinta sananniya ce. Sai dai tun da aka buɗe sabuwar tashar jirgin ruwa ta Lekki da matatar Dangote a 2023, kamfanonin sayar da fili sun cika yankin, farashin ya wuce na ɗan fansho a wurare da yawa.

Ga 'yan'uwanmu na Taraba da Binuwai muna cewa su dubi Kalaba. Ita ma ba a kan buɗaɗɗen teku take ba, a bakin kogi take, yawancin garin kuwa a kan tudu. Akwai asibitin koyarwa na jami'a, akwai unguwar Bogobiri inda Hausawa suka daɗe, hanyar Ikom da Ogoja kuma tana kai mutum Katsina-Ala da Wukari cikin sauƙin da ba zai samu daga Legas ba. Amma ruwan sama a can yana kai kimanin milimita 3,000 a shekara, fiye da ninki uku na Kano. Mai sanyin ƙashi ya yi tunani.

Wasu sun tambaye mu Kwatano da Lome, tun da ɗan ECOWAS yana shiga ba biza har kwana 90. Amsarmu gajeriya ce. Fanshonka da naira, hayarsu da sefa, sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ƙaura kafin lokacin ya ga hayarsa ta ninka ba tare da mai gida ya ƙara ko sisi ba.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗe da dillali ba zai ambata ba. Iskar gishiri tana cin kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, janareta, har da ƙasan mota, don haka sai rufin alminiyam da fenti a kai a kai. Rijiyar burtsatse kusa da teku sau da yawa ruwanta da zartsi ko jan tsatsa, ka koma sayen ruwan sha har iyakar ranka. Sauro ba ya tafiya hutu da rani kamar a gida, zazzaɓi duk shekara ne. A ɗaya gefen, dokar harajin ƙasa ta Legas ta 2020 ta yafe wa ɗan fansho haraji a kan gidan da ya mallaka yake kuma zaune a ciki, amma sai ka je ka nema da takardunka.

Iyayenmu mata suka tuna mana abin da muka kusa mantawa. Suka ce maza ne suke zaɓen fili, mata ne suke zama a ciki su kaɗai daga baya. Tsohuwar da ba ta jin Yarabanci ko Egun, a gida ɗaya tilo a bayan gari, ba maƙwabci, ba zumuntar mata, ba wanda zai kai ta asibiti da dare, wannan gida bai yi mata araha ba. Suka roƙa a sa sunan miji da mata duka a takardar fili, a kuma rubuta wasiyya, domin mun ga gwauraye da dangin miji suka zo daga gida suka sayar da gidan a kansu. Suka ce kuma a yi maganar inda za a binne mutum tun yana da rai, gama ɗaukar gawa daga nan zuwa Yola ko Biu nauyi ne da yake faɗa wa 'ya'ya da ekklesiya.

Abin da kwamiti yake roƙo shi ne kada kowa ya biya kuɗin fili sai ya yi hayar ɗaki a garin na shekara guda, da Yuni da Yuli a ciki. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, don haka kada a tilasta maka biyan biyu. Ka je filin washegarin ruwa mai ƙarfi, ka dubi tabon ruwa a bangon maƙwabta, ka ɗanɗana ruwan rijiyarsu, ka tafi da maman yara ta yi kasuwa sau biyu ko uku. Waɗanda za su ajiye aiki cikin shekara biyu masu zuwa su ba magatakarda sunayensu bayan taro, domin mu haɗa mota ɗaya mu je Badagiri tare idan damina ta kankama. A zo da takalmin ruwa.