Faifai Na Biyu Kafin Sabuwar Kwangila: Windows da Linux a Kwamfuta Ɗaya

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, kuma ga sharuɗɗan Windows 11: TPM 2.0, da Secure Boot, da furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, wadda sai a 2017 ta fito. Ke nan ɗimbin kwamfutocin Dell da HP na hannu da ke ɗakunan kwamfuta na makarantunmu da ofisoshinmu an rufe musu ƙofa, alhali lafiyarsu lau. Kamfanin Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne za su iya komawa bola saboda wannan. Ma'aikatar da ke son ƙarin wa'adi za ta biya dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, jimilla 427. An yi wa makarantu ragi mai yawa, amma su ma a 2028 za a rufe. Abin takaici, amsar da ke fitowa daga ofisoshin sayayya guda ce: a ba da kwangilar sabbi. Matsayin wannan takarda shi ne a ƙara wa na'urar faifan ajiya na biyu, a ɗora Linux a kai domin duk aikin intanet, a bar Windows a faifansa na asali, a yanke shi daga intanet, ya ci gaba da ɗaukar CorelDRAW da AutoCAD da ire-irensu. Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 duk suna da gyaran tsaro har 2029, ba ko kwabo.

Za a ce don me faifai na biyu, tunda ana iya raba guda. Ana iyawa, amma a duba abin da rabawar ke buƙata. Sai an tsuke yankin Windows, aikin da ke taɓa tsarin faifan kansa, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyarsa, bayanan shekaru na iya salwanta. A ƙasar da ɗauke wuta ba labari ba ne, wannan hujja kaɗai ta isa. Sannan manhajojin biyu za su haɗa ƙaramin yankin tayarwa na EFI, wanda Windows ya saba yanka wa megabait 100 kacal, kowa na rubutu a cikinsa. Ranar da Windows ya rikice aka kai wa mai gyara, abin da ya saba shi ne ya goge komai ya sake ɗorawa, Linux ya tafi tare da shi. Ranar da faifan ya mutu kuwa, duka biyun sun mutu. Da faifai biyu, kowanne na da yankin tayarwarsa, ana iya cire ɗaya ɗayan ya tashi. Ga kuma ribar gudu: SSD na SATA yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce 150.

Sai dai cin gashin kan nan ba ya samuwa sai an bi ƙa'ida guda da masu ɗorawa da yawa ke tsallakewa: a zare wayar faifan Windows kafin a fara, a mayar bayan an gama. Manhajar ɗorawa ta Ubiquity, wadda Ubuntu ya daɗe yana amfani da ita Mint kuma ya gada, an san ta da sanya manhajar tayarwa ta GRUB a yankin EFI na farko da ta gani, ko da an zaɓi wani. A ɗora duka biyun a yanayin UEFI, kada a gauraya da tsohon yanayin BIOS. Zaɓi a lokacin kunnawa ba wuya, F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. A kashe Fast Startup na Windows, in ba haka ba Linux ba zai iya rubutu a faifan Windows ba. Inda BitLocker ke kunne, a adana mabuɗinsa mai lamba 48 tukuna. Agogo ma zai saɓa da awa ɗaya a Najeriya da Nijar, domin Linux na ajiye lokacin UTC, Windows na ajiye na gida, kuma umarni ɗaya ke gyara shi.

Masu cewa a gudanar da Linux a cikin Windows ta VirtualBox ko WSL ba su taɓa matsalar ba. Windows ɗin da ba shi da kariya shi ne dai zai fuskanci intanet, kuma na'ura mai RAM gigabait 4 ba ta da abin rabawa biyu. Suka mafi ƙarfi ita ce ta Agustan 2024, lokacin da wani gyaran tsaro na Microsoft ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu, cikakken magani bai zo ba sai Mayun 2025. Gaskiya ne faifai na biyu bai kare kowa daga wannan ba, domin dokar hanin a cikin UEFI na na'urar aka rubuta ta, ba a faifai ba. Amma tsofaffin manhajojin tayarwa ta shafa, bayanan mutane kuma ba su ɓace ba. Batun cewa ma'aikata ba za su iya ba kuwa, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 za ta sauya kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Laftof marar gurbin faifai na biyu kuma, idan yana da gurbin DVD, akan musanya shi da mazaunin faifai.

Abin da nake nema daga hukumomin makarantu da jami'an sayayya shi ne a ƙirga na'urorin da ke ƙasa, a ware masu gurbin SATA ko M.2 da ba a amfani da shi, a ajiye kuɗin faifan SSD ɗaya kusa da kuɗin sabuwar kwamfuta a takarda guda, kafin wani ya sa hannu kan kwangila.