Bangaskiya da Tsoro a Ƙananan Majami'un Ekklesiyar 'Yan'uwa

 

An nemi in yi magana a kan bangaskiyar Kirista cikin wahala da tsoro. Batun yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a wuri guda, wato ƙananan majami'un Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, waɗanda ke warwatse a kudancin Borno da arewacin Adamawa, a ƙasar Bura da Margi da Kibaku da Kamwe da Kilba. Majami'ar ƙauye nake nufi, mai ginin laka da rufin kwano, wadda mai bishara guda ke riƙe da ita, ranar Litinin kuma ka tarar da shi a gonarsa ta dawa kamar kowa.

Tushen wannan ekklesiya a Jamus yake. A 1708 mutum takwas, Alexander Mack na gaba, suka yi baftisma a wani kogi a ƙauyen Schwarzenau, suka kuma ɗauka cewa mai bin Yesu ba ya ɗaukar makami, ba ya ramuwa. Tsanani ya kore su zuwa Amurka. Daga can ne Stover Kulp da Albert Helser suka iso Garkida, suka yi sujadar farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris, 1923. Makaranta ta biyo baya, da asibiti, da wurin jinyar kutare. Mutanen da suka karɓi koyarwar ƙin ramuwa ba ragwaye ba ne, jikokin maharba ne da mazauna duwatsu waɗanda suka san kwari da baka. Shekara casa'in wannan koyarwa tana tafiya a wa'azi da darasin baftisma, sannan aka zo aka gwada ta da wuta.

A 2014 rikicin Boko Haram ya kai maƙura. Daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN. A Agusta Gwoza ta faɗi, a Satumba Michika, a ƙarshen Oktoba Mubi. Ranar 29 ga Oktoba mayaƙan Boko Haram suka shiga Kwarhi, hedikwatar ekklesiyar da kwalejin horar da fastocinta, shugabanni suka koma Jos da zama. Wasu membobi suka haye duwatsun Mandara har sansanin Minawao a Kamaru. A 2020 shugaban EYN na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya ce an kashe musu fiye da mutum 8,000, an raba fiye da 700,000 da gidajensu. Na san akwai Musulmi da yawa a wannan zaure, kuma ba sai na tuna muku ba cewa hannun da ya ƙona waɗannan majami'u shi ne ya kashe Sarkin Gwoza Idrissa Timta a watan Mayun 2014, shi ne ya tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamba. Ba gasar makoki muka zo yi ba.

To, mu shiga cikin majami'ar ƙauye wata Lahadi a waɗannan shekaru. An matso da sujada zuwa sassafe don a watse da wuri. Mata sun bar jakunkuna a gida, kowa da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a hannu, a fili. Samari biyu na bakin ƙofa, wani yana kan tudu yana duban hanya, shi bai ji wa'azin ranar ba ko kalma guda. Ana cikin waƙa sai a ji ƙarar babura daga nesa. Ganga ta yi shiru. Uwa ta jawo ɗanta ta ɗaura a baya tana kallon taga, tana auna ko za ta iya fita ta nan da goyo. Baburan suka wuce, ashe 'yan kasuwa ne. Mai ba da waƙa ta ɗauko daga inda ta tsaya, muryarta na rawa.

Wanda ya ce waɗannan mutane ba sa tsoro bai san su ba. Suna tsoro ƙwarai, kuma mako mai zuwa za su dawo. Abin da nake so ku riƙe daga wannan lacca ke nan: a ƙaramar majami'a bangaskiya ba ta kore tsoro ba, zama suka yi tare a benci ɗaya, abin da kuma ya hana tsoro cin gari shi ne ayyukan da jama'a suka ƙi dainawa. Ina da ja da masu wa'azin da ke zuwa daga birni da amsa-kuwwa suna gaya wa gwauruwa cewa fargabarta alamar ƙarancin bangaskiya ce. Linjila da kanta ta nuna Yesu a lambun Gatsamani cikin matsananciyar damuwa, yana roƙon a ɗauke masa abin da ke tafe. Abokan Ayuba ma kwana bakwai na farko da suka zauna da shi bakinsu a rufe sun fi amfani, da suka fara bayani ne suka ɓata.

Waɗanne ayyuka ne? Na farko a wurina aikin mata ne. Zumuntar Matan Ekklesiya, masu anko da ganguna da tukwanen kiɗa, waɗanda wasu ke ɗauka ƙungiyar waƙa ce kawai. Lokacin da dattawa suka warwatse, fasto ya yi gudun hijira, su ne suka san wace ce ta haihu a daji, wa ya rasa miji, marayun wane gida aka raba wa wa. A sansani, kafin a samu rumfar sujada, sun riga sun fara taro a inuwar bishiya, kowacce ta kawo ɗan abin da ke gare ta, ko da gwangwanin masara ne. Dakta Rebecca Dali, wadda ta kafa cibiyar agaji ta CCEPI, ta ƙara wani abu: ta riƙa bin sansani-sansani tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe, da garinsu, har suka kai dubbai. Jarida takan ce an kashe mutum talatin. A majami'ar da membobinta ba su fi ɗari ba, babu talatin. Akwai wane mai buga ganga, da wance da ke share ɗakin sujada ranar Asabar.

Sai kuma wata al'ada da 'Yan'uwa suka gada tun daga Jamus, wankin ƙafa kafin Jibin Ubangiji. Maza gefe, mata gefe, a kawo daro da ruwa da tawul, ka durƙusa ka wanke ƙafar na kusa da kai, wani ya wanke taka. Ku yi tunanin yin wannan ga ƙafar da ta yi kwanaki tana taka ƙaya da dutse a hanyar Kamaru.

Rabaran Lawan Andimi fasto ne na EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. An kama shi a farkon Janairun 2020. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya roƙi a yi ƙoƙarin ceto shi, ya ce yana sa rai ya koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuma hakan bai yiwu ba, nufin Allah ne, kada a yi ta kuka. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Masu yaɗa bidiyon sun fi son rabinsa na biyu. Ni ina ganin rabin farko yana da nauyi daidai da shi, domin mutumin yana son ya rayu, ya kuma faɗi haka a fili. Wata guda bayan nan aka afka wa Garkida kanta aka ƙona majami'u.

A nan ne zan ɗan yi tsauri. Mun iya yabon haƙurin talaka, musamman idan haƙurin ya sauƙaƙa mana. Cewa 'Yan'uwa ba su rama ba bai sauke wa gwamnati nauyin tsare ransu ba, kuma jami'in da ya zo jaje ya yaba da juriyarsu ya koma, ba soja ba gyaran hanya, ya ci amanar wannan juriya. A cikin ekklesiyar ma maganar ba ta mutu ba. Akwai samarin da suka shiga 'yan banga, akwai waɗanda ke tambayar fasto ido da ido: Baba, idan sun zo ɗaukar ƙanwata, in tsaya ina kallo? Fasto mai gaskiya ba ya amsa wannan da sauri. Wasu sun zaɓi wata hanya, kamar matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi suka gina gidaje a unguwa ɗaya.

Jarrabawar da ake ciki yanzu ta fi ta gudu wuyar sha'ani. Tun 2016 gwamnatin tarayya take da shirin gyaran halin tubabbun mayaƙa a sansanin Malam Sidi na jihar Gombe, ana kuma mayar da su cikin jama'a. Akwai matan da suka dawo daga daji da 'ya'yan da suka haifa wa waɗanda suka sace su, dangi na kallon yaran a kaikaice. Dattawan majami'ar ƙauye ne za su yanke ko yaron zai zauna da sauran yara a makarantar Lahadi, su ne kuma za su zauna da gwauruwar da ta ga wanda take zargi da kashe mijinta yana sayar da fetur a bakin kasuwa, da jarin da aka ba shi, ita kuwa ba a ko tambaye ta ba kafin a dawo da shi.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.