Karatun Tsimi da Tanadi: Jawabi ga Ƙannenmu 'Yan Aji Shida



Ƙungiya ta umurce ni in yi magana a kan fannin da na karanta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wato ilmin tsimi da tanadi, wanda a yau aka fi kira tattalin arziki. Ba don na fi kowa sani ba, sai don na yi tuntuɓe a hanyar, ba na kuma so ku yi.

Tuntuɓen shi ne lissafi. Sa'ad da nake zaune inda kuke, na ɗauka ɗan ajin adabi ba ruwansa da shi. Da sakamako ya fito ban sami kiredit a lissafi ba, sai da na yi shekara guda a gida na sake jarrabawa. To ku sani, jami'a tana neman kiredit biyar, ciki har da Ingilishi da lissafi, kuma za ku sake gamuwa da shi a jarrabawar JAMB. A shekaru huɗun digiri kuwa, ga ƙididdiga, ga ilmin ajiye asusu, ga nazarin farashi. Mai gudun lissafi ya nemi wani fanni tun da wuri.

Na biyu, yawancinmu mun shiga da burin kujera a banki ko ma'aikata. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina kuma gaya muku gaskiya: tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 masu digiri ke ƙaruwa, ga jami'ar Aliero ta 2006, ga ta tarayya a Birnin Kebbi ta 2013, amma kujerun ofis ba su ƙaru haka ba. Aikin da ke jiran wannan ilmi yana fadamar Gulbin Rima.

Ga misali. Ina shekarar ƙarshe na zauna da kawuna, manomin rani a gefen Argungu, muka rubuta abin da ya kashe: iri, taki, man injin ban-ruwa, ladan dashe da yanka da sussuka, da buhuna. Da muka sa kuɗin guminsa da na 'ya'yansa, sai ribar da yake alfahari da ita ta kusa ɓacewa. Dalili shi ne yana sayar da shanshera lokacin girbi, sa'ad da ta cika kasuwa, domin mai bashi yana bakin ƙofa. Badi ya rage gonar, bai ci bashi ba, ya ajiye rabin amfanin wata huɗu. Littafin rubutu da biro kawai ya saya.

Irin kawuna dubbai ne. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015, daga baya aka sha fama wajen karɓo bashin. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. A 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a 2023 aka janye tallafin mai, manomi ya ji a injinsa. Kowane ɗayan waɗannan yana bukatar wanda zai zauna da ƙungiyar manoma ya fayyace musu cikin Hausa abin da za su samu da abin da za su biya.

Saboda haka, ƙannena, ku riƙe lissafi, kuma hutun nan ku rubuta kuɗin shiga da fita na sana'ar gidanku. Mu kuwa tsofaffin ɗalibai, ina roƙo mu ɗauki nauyin darasin lissafi na ranar Asabar ga 'yan aji biyar da shida.